Sunana a Wayar Yaron

Laraba, da hantsi

Mace ce! Rahma, matar ɗana, ta sauka lafiya, mace, kuma na ɗauke ta da hannuna. Jajir take, gashi cike da kai, hancin gidanmu ne sak. Af, ko Bismillah ban yi ba. Bismillah. Alhamdu lillahi. Ni Mika'ilu mai gyaran keke yau na zama kaka.

Layin duk ya karkace. Da Malam Kato zai gani sai ya ce in sake. Shi ne maƙwabcina, shi ya koya mini boko a ajin yamma bayan furfura ta riga ta fito mini, kuma shi ya ce in riƙa rubuta abin da ya faru kullum don kada hannu ya mutu. Yau dai ba zan sake ba.

Uban jaririyar ɗana ne na fari. Ba na kama sunansa, ko a takarda hannuna ba ya yarda. Yaron zan riƙa cewa. Da mahaifiyarsa Ishatu na da rai, ita ke kai magana tsakaninmu. Tun da ta rasu sai gaisuwa, sai "an dawo", sai "a sauka lafiya".

A asibiti yana kan benci da waya a hannu. Sai da ma'aikaciyar jinya ta kira shi sau biyu ya ɗago kai. Na ce ruɗewa ce ta sabon uba.

Daga asibiti gidan iyayenta aka wuce da Rahma, unguwar Tudun Jukun a nan Zariya, wankan jego sai arba'in. Gida ya rage ni da Yaron da ragon suna.

Asabar, bayan La'asar

Na kai itacen wanka a keke, sawu biyu. Hajo, mahaifiyar Rahma, ta ce, "Malam Mika'ilu, da girmanka? Ina angon ƙarnin?" Na ce yana shago. Shagon kayan waya gare shi a unguwar Kongo, kusa da jami'a.

An miƙo mini ita. Na ce, "Amarya, kin ga mijinki tsoho, ko kin fasa?" Ta yi hamma. Matan gidan suka kwashe da dariya, suka ce ta ƙi ni. Na ce za mu gani.

Laraba, da yamma

An raɗa suna. Ishatu. Ban san za su yi mini haka ba. Da liman ya faɗa sai na sunkuyar da kai, na yi kamar goro nake nema a aljihu.

An nemi Yaron a yi masa barka, ba a gan shi ba. Can na hango shi bayan motar wani, ya ba jama'a baya. Wayar tana wata ƙara, kamar an zubar da kwabbai a faranti. Na sha jin ƙarar nan daga ɗakinsa.

An yanka ragon. Na dawo gida ba mai yi mini kuka a tsakar gida. Ashe da shi nake hira duk watannin nan.

Juma'a, da safe

Na dafa shayi na mutum biyu. Yaron ya fita bai sha ba.

Litinin, bayan Azahar

Na je Tudun Jukun da itace da 'yar kanwa. Hajo ta amsa sallama daga ciki, ba ta fito ba. Ta ce Amarya na barci. Na ce zan jira. Ta ce yanzu ta kwanta.

Malam Kailani, mahaifin Rahma, yana ƙofar gida. Mun gaisa a tsaye. Tabarma na naɗe a jikin bango, bai shimfiɗa ba. Wataƙila sauri yake. Amma da na waiwaya daga bakin layi yana nan tsaye inda na bar shi.

Alhamis, bayan La'asar

Yau ma barci take.

A hanyar dawowa na tsaya teburin Nagoda mai shayi. Ya ce, "A'a, Baba mai sa'a! Yau an ci ko an cinye ka?" Samarin da ke kan benci suka yi dariya. Ni ma na yi, don na ɗauka zancen jika ne. Ɗaya ya ce, "Baba, in ta faɗo a tuna da mu." Na ce wace ce za ta faɗo? Suka ƙara dariya. Shayin bai yi mini daɗi ba.

Asabar, da hantsi

Ruwa tun asuba. Ba wanda ya shigo.

Litinin, bayan Azahar

Zan rubuta yadda abin ya faru, ba ƙari.

Ina zaure ina ɗaure wa wani yaro sarƙar keke sai 'yar wayata ta yi ƙara. Mace ce, ta fara da Turanci, na ce ta yi Hausa. Ta ce sunanta Sophia, daga wani kamfani take, sashen kula da lafiyar masu wasa.

Na ce, "'Yata, kin yi kuskuren lamba. Ni na wuce wasa."

Ta karanto mini sunana da na mahaifina, da shekarar haihuwata, da lambar katin ɗan ƙasa. Ta ce akwai asusu da sunana a wurinsu, na cacar waya, har da hoton fuskata.

Ta ce, "Baba, ba faɗa na kira in yi ba. Mun ga makonnin nan wasan ya yi yawa, ba hutu, kuma duk sanda aka yi asara sai a ƙara zubawa. In muka ga haka aikinmu ne mu kira mu ji lafiya. Zan yi maka tambaya ɗaya. Kai kake yi da kanka, ko wani ne ke amfani da sunanka?"

Na dubi ƙofar ɗakin Yaron. A kulle take, yana shago.

Na ce, "Ni ne."

Sannan ta ce ana iya sa wa abin iyaka, ana iya dakatar da shi na wani lokaci, ana iya rufe shi gaba ɗaya. Ta ce mai sunan ne kaɗai ke da ikon rufewa, kuma sai ya sake nuna fuskarsa. Na ce zan yi tunani. Ta ce in adana lambarta.

Mai keken ya ce, "Baba, ka sa sarƙar a baibai."

Talata, bayan Asuba

Na tuna ranar. Farkon damina ne, Rahma na da tsohon ciki. Yaron ya same ni a gindin mangwaro ya ce ana rajistar tsofaffi, ya karɓi katina. Ya zauna kusa da ni har kafaɗarsa na taɓa tawa. Ya ce, "Baba, dubi nan. Ƙifta ido. Juya kai hagu." Na ƙifta, na juya. Na yi kuskure ya yi dariya, ni ma na yi. Sannan ya ari wayata ya kwashi wata lamba da aka turo.

Tun yana cikin zani ban zauna kusa da shi haka ba. Ranar har a nan na rubuta cewa na ji daɗi. Na duba shafin ɗazu. Ban yage ba.

Laraba, da yamma

Na je na sami Malam Kailani, na ce ya faɗa mini laifina. Wannan karon ya shimfiɗa tabarmar, amma ya zauna can gefe.

Ya ce tun kafin cikin nan Rahma ta kama mijinta da abin. Ya rantse mata, ya rufe nasa a gabanta, irin rufewar da ba a sake buɗe wa mutum. Ranar suna ta karɓi wayarsa don ta ga hotuna, sai ga abin nan a buɗe. Da ta tambaye shi sai ya nuna mata sunan da ke sama. Ya ce na Baba ne, shi taya shi kawai yake saboda ido.

Malam Kailani ya ce, "Malam Mika'ilu, kai ne mai riƙe makullin akwatin masallacinku. Da wani ya faɗa mini da na ce ƙarya ne. Amma 'yata ta ga suna, ta ga hoto. Gaskiya ne ko ba gaskiya ba?"

In na ce ba ni ba ne, na kashe auren ɗana da bakina. In na ce ni ne, na ji abin da zai biyo baya. Na yi shiru.

Ya ce, "To shi ke nan. 'Yata da jikata ba za su koma gidan da babba ke wannan ba. Yaro ana yi masa faɗa. Babba wa zai yi wa?"

Daga cikin gida na ji kukanta. Muryar ta ƙara ƙarfi. Na tura kekena har gida, ban hau ba.

Alhamis, da safe

Yaron ya ce, "Ina kwana, Baba." Na ce, "Lafiya." Ya fita.

Juma'a, bayan La'asar

Na faɗa wa Malam Kato. Yana baranda yana goge takalmin zuwa coci tun yau, wai Lahadi ba ta jiran malalaci.

Ya ajiye burushi ya ce, "Kai Mika'ilu! Kai da ko ludo aka ce ka zauna sai ka ce haram?"

Na ce zan kira yarinyar nan in rufe abin a ɓoye, kowa ya huta.

Ya ce, "Rufe mana. Gobe ya ari fuskar wani tsohon. Ga ni nan ma kusa, kuma na fi ka kyau a hoto."

Na ce to ya yi masa magana a madadina, yana jin nauyinsa.

Ya ce, "A'a. Da Ishatu ce ta aiko ni da na je. Mu ma a gidanmu ana kunyar ɗan fari, babana bai taɓa kiran sunan yayana ba har ya mutu. Amma ranar da yayana ya faɗa rijiya, babana ne ya shiga, bai aiki maƙwabci ba."

Na ce ban san ta inda ake farawa ba. Ya ce haka na ce masa ranar da ya fara ba ni alli.

Matarsa ta kawo mana dafaffiyar gyaɗa. Na daɗe a can. Ba na son komawa gidan.

Lahadi, da hantsi

Unguwa shiru, su Malam Kato sun tafi coci. Na share ɗakin Rahma ko da yake ba wanda ya ce in share. Akwai 'yar safa ɗaya a ƙarƙashin gado, wadda ta saƙa tun tana da ciki. Ban ga 'yar'uwarta ba.

Talata, bayan Azahar

Na ji ana rigakafin jarirai yau, sai na je na tsaya a bakin asibitin unguwa kamar mai jiran wani. Rahma ta fito da goyo. Ta durƙusa har ƙasa, na ce tashi, tashi, jego gare ki. Ta kwance Amarya ta miƙo mini, ba tare da na roƙa ba.

Ta yi nauyi. Idonta ya buɗe sosai. Ta kama gemuna ta riƙe.

Rahma kanta a sunkuye ta ce, "Baba, na san ba ku ba ne."

Na ce wa ya faɗa mata.

Ta ce, "Baba, ku da ni nake duba muku saƙo in ya shigo? Tun ranar na sani. Hawaye ne suka sa na faɗa wa Inna abin da ya ce, ita kuma ta faɗa wa duniya. Ku yafe mini."

Na ce to ta gaya wa mahaifinta mana.

Ta ce, "In ni na faɗa, ya tsira ke nan, bai ce komai ba. Na yafe masa na farko. Wannan ba abin da ya salwantar ne ya fi ci mini rai ba, sunanku da ya sa a gaba ne. So nake ya je gaban mahaifina ya faɗa da bakinsa. In bai faɗa ba, arba'in za ta zo ta wuce ina gidanmu."

Ban taɓa jin ta yi doguwar magana haka a gabana ba. Ta karɓi 'yarta ta goya. Na bi su da ido har suka shiga a-daidaita.

Rigata tana ƙanshin jariri. Ban wanke ba.

Alhamis, da yamma

Na je shagon a Kongo. Rabona da shi tun bikin buɗewa. Kantocin da na sani cike da caja da murfin waya yanzu ƙusoshi ne a jere. Ɗalibai na wucewa, ba mai tsayawa.

Ya miƙe da sauri ya ba ni kujera. Ban zauna ba. Na kifar da kekena a ƙofar shagon, na fara juya ƙafar baya kamar wani abu ya lalace. Ba abin da ya lalace. Ba zan iya magana ina kallonsa ba, shi ya sa.

Na ce wa keken, "An kira ni daga kamfanin."



Na ce, "Na ce musu ni ne. Malam Kailani ya tambaye ni, ban musa ba."

Ya ce, "Baba, wallahi saura kaɗan. Abin da ya tafi kawai nake so in mayar, in cika shagon nan kafin su dawo. Sau ɗaya in ta zo daidai, na bari har abada."

Sai na saki ƙafar keken na juyo. Na dube shi. Ya rame, idonsa ja, gemu ba gyara. Kamar mahaifiyarsa yake ta wajen goshi, ban taɓa tsayawa na lura ba.

Na ce, "Kai. Da kai nake. Fuskata ka ara ba ka faɗa mini ba. Ina iya zuwa in karɓe ta yau ba da saninka ba, an nuna mini hanya. Ba zan yi ba. Kai ka kai ta, kai za ka dawo da ita. Kafin nan zan ci gaba da yawo da sunan da ka sa mini."

Ya ce, "Baba, ba za ku gane ba."

Na ce, "Ban gane ba. Amma na ga ƙusoshi."

Na tayar da keke na tafi.

Juma'a, bayan Asuba

Bai kwana a gida ba.

Asabar

Bai dawo ba. Wani ya ce a shago yake kwana. Da na yi shiru ko gaisuwar ina samu.

Litinin, da hantsi

Na kira Sophia. Na ce tambaya ce, ba don ni ba, don wani. In mutum ya kamu da abin nan, yana warkewa?

Ta ce, "Ana samun sauƙi, Baba, amma ba da rantsuwa kaɗai ba. Sai ya daina ɓoyewa, sai wani ya riƙe masa waya da kati na wani lokaci, sai ya riƙa zuwa wurin masu ba da shawara. Kuma yakan koma, a sake tashi." Sannan ta ce, "Shi wanin, yana da mai zama da shi?"

Na ce yana da uba, amma uban bai iya magana ba.

Ta ce, "Ai ga shi yana yi."

Na daɗe riƙe da wayar bayan ta kashe. Yau da ita kaɗai na yi magana.

Laraba, da yamma

Jiya aka yi arba'in. Na wanke randa, na sayo sabuwar buta, na zauna a zaure da kaya masu kyau. Duk a-daidaitar da ta rage gudu a layinmu sai in miƙe.

Da aka kira Magariba na cire hular na shiga ciki.

Juma'a, bayan Isha'i

An karɓi makullin.

Bayan sallar Magariba ne, mutane ba su gama watsewa ba. Liman ya ce wai don a hutar da ni, shekaru sun ja, a ba wa matasa. Ya faɗa da taushi, bai dube ni ba. Na kwance shi daga igiyar wandona. Ƙullin ya ƙi kwantuwa, na daɗe ina fama kowa na kallo. Wani daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba, "A dai ƙirga abin da ke ciki."

Da na juya zan ɗauki takalmi sai na ga Yaron a sahun ƙarshe, jikin ƙofa. Ban san ya shigo ba. Ya ji. Muka haɗa ido, ya fita da sauri ko takalmi bai gama sawa ba.

Ba zan ƙara rubutu yau ba.

Asabar, da hantsi

Ina gindin mangwaro ya shigo. Ya tsaya, ya tsuguna, sannan ya matso ya zauna a tabarmata. Ya ajiye wayar tsakaninmu kamar abin da ke da zafi.

Ya ce, "Baba, ku kira ta."

Na kira, na sa yadda kowa zai ji. Na ce na zo rufewa, gaba ɗaya. Ta ce to, amma dole ta sake tambaya, ni nake wasan da kaina?

Na buɗe baki. Ya riga ni. Ya ce, "Ni ne. Ɗansa ne. Bai taɓa sanin akwai shi ba sai da kika kira." Ya faɗi sunansa cikakke.

Ta ce ta gode da ya faɗa. Ta ce za a rufe, ba za a sake buɗe komai da sunana ko nasa ba a wurinsu, amma ya sani ba su kaɗai ne a duniya ba, don haka kada ya dogara da rufewarsu. Ta ba shi lambar wani mai ba da shawara a nan Zariya. Ni na rubuta.

Aka zo wurin fuska. Ya ɗaga wayar, hannun na karkarwa, hoton ya ƙi kamawa. Sai na riƙe masa wuyan hannu har abin ya yi kore.

Bayan nan ya kifa kansa a gwiwata. Ban san abin da ake yi ba. Na ɗora hannu a ƙeyarsa. Mun daɗe a haka, har rana ta cim mana.

Lahadi, bayan La'asar

Ya tafi Tudun Jukun shi kaɗai. Na ce in raka shi, ya ce a'a. Ya daɗe. Ya dawo ido a kumbure, ya shige ɗaki. Ban tambaya ba, bai faɗa ba.

Talata, da safe

Malam Kailani ya zo. Ya tsaya a ƙofar zaure yana juya carbi. Ya ce, "Malam Mika'ilu, ai da ka faɗa." Na ce, "Da kai ne za ka faɗa?" Sai ya ce ruwan bana ya yi yawa. Na ce ƙwarai. Muka yi zancen ruwa har shayi ya huce.

Da zai tafi ya ce zai bi ta wurin liman. Game da Rahma kuwa ya ce ba a hannunsa take ba, ita za ta yanke.

Alhamis, bayan Azahar

Shiru daga Tudun Jukun. Yaron ya je wurin mai ba da shawara, ya dawo yana fushi da kowa. Wayar tana cikin akwatina, ya karɓi tawa mai tocila. Ɗazu na ga babban yatsansa yana shafa tafin hannunsa, sama da ƙasa, shi bai ma sani ba. Ya tambaye ni wayar sau ɗaya, wai zai duba wata lamba. Na ce a'a. Ya buga ƙofa. Da yamma ya fito ya ci tuwon da na tuƙa, duk gudaji.

Nagoda ya aiko da shayi kyauta. Na mayar masa.

Asabar, bayan La'asar

Sun dawo! Suna ciki yanzu haka, ina jin su ta taga ina rubutu.

Ina kwance na ji a-daidaita ta tsaya. Ban tashi ba, na gaji da tashi. Sai na ji muryar Hajo tana cewa a yi hankali da kwalla. Na fito ba hula, takalmi ƙafa ɗaya.

Rahma ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce, "Baba, na dawo, amma wayar da katin banki a hannuna za su zauna. In ya koma ya faɗa mini, zan zauna. In ya koma ya ɓoye, zan tafi." A gabansa ta faɗa. Ya ce ya ji. Ban san ko zai iya ba. Shi ma ina jin bai sani ba.

Hajo ta kasa haɗa ido da ni, sai ta tura mini Amarya ta ce, "Ga matarka nan, ta ishe mu da kuka, ka san yadda za ka yi da ita." Na karɓa. Ta dube ni, ta dube ni, sai ta yi murmushi, baki ba haƙori ko ɗaya. Hajo ta ce iska ce a ciki. Ƙarya ne, ni ta yi wa. Sannan ta yi mini fitsari a riga, duk gaban ya jiƙe, kuma ba zan canja ba sai kowa ya gani.

Tsakar gida ta cika da hayaƙi da shanya da surutun mata. An kifar mini da kwanon shayi, an ɗaura igiya a kan kekena. Madalla.

Bari in ajiye biro in fita. Malam Kato, bar takalmin nan ka taho da mai ɗakinka. Liman, ka zo. Malam Kailani, ka biyo sawu. Nagoda, kai ma na huce, kawo shayin, ka taho da 'yan bencinka duka, har da wanda ya yi magana a masallaci. Ƙofa a buɗe take, tabarma a shimfiɗe. Ku zo ku ga Ishatu a gidan kakanta, ku zo tun ba ta yi barci ba!